Abin da Jinin Jimena Ya Tono

Shekara uku zuciyata ta yi tana yi mini wannan abin kafin wani mahaluki ya sani. Ina zaune a kan keken ɗinki, ban yi gudu ba, ba wanda ya tsorata ni, sai kawai ta zabura, ta riƙa fat-fat-fat kamar kazar da aka riƙe wa ƙafa. Idanuna su yi duhu, gumi ya karyo mini a wuya. Sai in saki yadin, in dafa tebur, in jira. Minti biyu, wata rana biyar, sannan ta yi wani bugu guda mai nauyi ta koma daidai. In mai kaya tana cikin shagon sai in ce allura ce ta soke ni.

Sunana Zenobia. Tela ce ni, ina da ɗan shago a gefen kasuwar La Cancha a Cochabamba, ina ɗinka rigunan amare da na 'yan matan da za a yi wa bikin cika shekara sha biyar. Mijina, Don Wilfredo Ledezma, malamin lissafi ne da ya yi ritaya. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, Jimena.

Sau ɗaya Wilfredo ya kama ni a kicin dafe da ƙirji.

"Lafiya?"

"Kofi ne. Yau sau uku na sha."

"To ki rage mana. Ke yanzu ba yarinya ba ce."

Na rage, daga baya na daina gaba ɗaya. Zuciyar ba ta daina ba. Na ce wa kaina gajiya ce, na ce shekaru ne irin namu na mata. Amma can ƙasan raina na san abin, domin na taɓa ganinsa. Haka mahaifina ya riƙa tsayawa a gona yana dafe ƙirji, har ranar da ya faɗi a cikin dankali bai ƙara tashi ba.

Sai dai a dangin Ledezma ba wanda ya san ina da uban da ya mutu a gona.

A wani ƙauye bayan Aiquile aka haife ni, a ɗakin laka mai rufin ciyawa, mu da kaji da ɓerayen masar duk a ciki. Bangon duk tsaga ne, kowace tsaga cike da binchuka, ƙwaron da ke fitowa da dare yana shan jinin mutum. Da safe mu tashi da shaidar cizonta a fuska, mu sosa, mu kora awaki. Ina shekara sha huɗu aka kawo ni birni aikatau. 'Ya'yan gidan da nake yi wa wanki sukan toshe hanci in na wuce. Kafin shekara ta zagayo na yanke kitsona guda biyu, na yar da bujen ƙauye, na kankare yaren Kechuwa daga harshena. Ranar da Wilfredo ya kai ni wurin yayarsa Doña Elvira, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar gidan wa?" Sai na ji bakina yana cewa ni marainiya ce, a birnin Sucre na tashi hannun goggona, ita ma ta rasu. A lokacin uwata na raye, yayana Eulogio ma haka. Da farko nakan aika musu saƙo ta hannun wani direban babbar mota. Da Jimena ta fara wayo, ta fara tambaya, sai na daina.

Shekara talatin ina riƙe da wannan magana.

Jimena ta auri Grover, makanikin mota, yaro mai kunya da hannuwa kullum baƙi da mai. Iyayensa mutanen wani ƙauye ne kusa da Tarata. Uwarsa, Doña Casilda, har gobe buje da kitso biyu take yi, tana kawo cuku birni ranar kasuwa. Elvira ba ta taɓa yarda da auren ba. A wurin bikin ma ta raɗa mini cewa, "Dubi surukarki, kamar an tsinto ta a bakin hanya." Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yi dariya.

Cikin Jimena na wata huɗu ta je awo aka ɗebi jininta. Bayan mako guda ta shigo shagona da takarda a hannu, ta ajiye a kan yadin da nake yankawa.

"Mami, wai ina da Chagas."

Na ajiye almakashin a hankali. Cutar da binchuka ke kawowa ke nan, mai cin zuciya.

"Ƙarya ne. Sun yi kuskure."

"Sau biyu suka gwada."

Ran Lahadi, bayan coci, muka taru cin abincin rana a gidan Elvira kamar kullum. Ba a ma gama raba nama ba ta fara.

"Ni dai na faɗa tun farko. An ɗauki yarinyar da ta tashi a gidan siminti an kai ta ta kwana a akurki. To ga shi nan."

Grover ya ajiye cokali. "Doña Elvira, gidanmu ba akurki ba ne. Shekara goma ke nan da aka yi masa shafe da rufin kwano. Duk shekara ana zuwa feshi."

"Ah! Sai ka ce binchuka tana karanta takardar feshi."

"Kwana uku kawai ta yi a can, lokacin bikin Karnabal. Ni da na girma a gidan an gwada ni a wurin aiki, ba ni da shi."

"Kai fatarka ta saba, ɗan nan. Ko ƙwaron ya cije ka shi zai mutu."

Jimena ta ce, "Goggo, don Allah ki bari. Nas ɗin ta ce ba lallai cizo ba ne. Ta ce uwa tana iya sa wa ɗanta tun yana ciki. Ta ce ya kamata Mami ma ta je a gwada ta."

Elvira ta kwashe da dariya har tana buga tebur. "Zenobia? 'Yar Sucre? A ina za ta samo shi, a cikin coci? Ke Zenobia, faɗa musu."

Duka suka juyo suna kallona. Wilfredo yana murmushi, don shi a wurinsa tambayar ma abin dariya ce. Ga hanya Allah ya buɗe mini. Kalma biyar da ta isa.

Na ce, "Ni ban taɓa ganin binchuka da idona ba."

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma shirun ya yi mini yawa, sai na ƙara da cewa, "Sai da na ce mata kada ta kwana a can."

Ban taɓa faɗa mata haka ba. Jimena ta dube ni da mamaki, amma ba ta ƙaryata uwarta a gaban mutane ba. Grover ya miƙe, ya goge baki, ya ce, "An gode da abinci," ya fita. Mun ji ƙarar motarsa ta daɗe a ƙofa kafin ta tafi.

Daga ranar gidan Jimena bai ƙara zama lafiya ba. Ta ce ba za ta sake taka ƙauyen ba, ɗanta ma ba zai je ba. Grover ya koma wuni a gareji har ranar Lahadi. Ni ina ɗinki, ina jin labari, ina cewa, "Ku yi haƙuri da juna."

Wata Laraba, rana ta take tsaka, na ɗaga kai na ga Doña Casilda a bakin shagona. Ta cire hularta ta riƙe a ƙirji, ga ɗaurin kaya a bayanta. Ba ta shigo ba sai da na ce ta shigo, kuma ba ta zauna a kujera ba, ta tsuguna a gefen ƙofa. Ta kwance ɗaurin ta fito da cuku guda huɗu da ƙwai a cikin ciyawa.

"Doña Zenobia, na zo ba ki haƙuri ne."

Sifaniyancinta ba ya nisa. Da ta fara kuka sai ta koma Kechuwa ba ta sani ba. Ta ce ta ƙone katifun gidan duka, har da wadda mijinta ya mutu a kai. Ta ce ta yanka ɓerayen masar ɗinta, ta rushe akurkin kaji. Ta ce ta bi bango da fitila tsaga-tsaga ba ta ga ko ƙwaro ɗaya ba, amma tunda masu ilimi sun ce daga gidanta ne, to daga gidanta ne. Ta ce ita ba ta roƙon komai, a bar ta dai ta ga jikanta ko daga nesa in an haife shi.

Kowace kalma ta shiga kunnena. Yaren uwata ne, har da irin yadda uwata take jan ƙarshen magana. Na dube ta na ce, "Yi haƙuri, Doña Casilda, ba na jin yaren nan."

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta fara lalubo kalmomin Sifaniyanci ɗaya bayan ɗaya don ta maimaita mini.

A nan zuciyata ta zabura. Na dafa tebur ina jira ta wuce kamar yadda ta saba. Ba ta wuce ba. Minti biyar, minti goma. Numfashina ya riƙa tsinkewa, shagon ya riƙa juyawa, rigunan amaren da ke rataye suka zama wani farin hayaƙi. Na ji na zame daga kujera. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne ina kiran uwata, da sunan da nake kiranta tun ina yarinya, ina cewa ta zo zan mutu. Ba da Sifaniyanci na faɗa ba.

Casilda ce ta fita titi ta tare tasi da jikinta. Ita ce ta rungume ni a kujerar baya har asibiti.

Na farfaɗo na ga wayoyi manne a ƙirjina, ga ruwa ana ƙara mini. Wilfredo na tsaye fuskarsa ta yi fari. Jimena na zaune riƙe da hannuna. Casilda tana can waje a kan benci, ta ƙi shigowa.

Likitar mace ce, ba ta girmi Jimena da yawa ba. Ta zo da wata doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto.

"Señora, lokacin da aka kawo ki zuciyarki tana bugawa sau ɗari da casa'in a minti ɗaya. Ta mai lafiya da ke zaune ba ta wuce ɗari. Sai da muka sa miki lantarki ta dawo. Tun yaushe take yi miki haka?"

"Yau ne farko."

Ta dube ni kawai.

"Shekara uku," na ce.

Wilfredo ya ce, "Shekara uku? Zenobia!"

Likitar ta ce, "Abubuwa da yawa suna sa zuciya sauri. Zazzaɓi, ƙarancin jini, maƙoƙo, fargaba, yawan kofi. Waɗannan in an magance su sai ta lafa. Naki ba irinsu ba ne. Mun duba da na'ura, zuciyarki ta buɗe, kuma akwai tabo a namanta. Tabon ne yake rikita bugun. Ga kuma 'yarki da aka samu da Chagas. Ƙwayar cutar tana iya zama a jiki shekara talatin, arba'in, tana cin naman zuciya mutum bai sani ba. Mun aika jininki, amma ki taimaka mini. A ina kika girma?"

Wilfredo ya ce, "A Sucre. Cikin gari."

"Ita nake tambaya, Señor."

Na dubi silin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni nawa shekara talatin na yi ina haƙa shi, ga shi na zo ƙarshensa a kan gadon asibiti da rigar da ba ta rufe bayana ba.

Na faɗi sunan ƙauyen. Na ce ɗakin laka ne. Na ce binchuka ta cije ni fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na ce ubana a gona ya faɗi. Likitar tana rubutawa kamar ba komai, don ita kullum tana jin irin wannan. Da ta gama ta fita ta ja labule.

Jimena ta zare hannunta daga nawa.

"Kina zaune a teburin nan," ta ce, "Goggo tana zagin mijina, kina kallo."

"'Yata..."

"Har kika ƙara mata gishiri. Kika ce kin hana ni kwana. Yaushe kika hana ni, Mami? Yaushe?"

Na kau da kai. Ta sake jefo mini wata tambayar.

"Ina da kaka?"

"Ban sani ba ko tana raye."

Ta tashi da ƙyar, riƙe da ƙugu, ta fita. Ta cikin labule na hango ta ta durƙusa a gaban Casilda ta sa kai a cinyarta.

Wilfredo bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da na fi so. Ya zauna a kujerar da Jimena ta bari, ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Duk shekara ina ba fadan coci kuɗi ya yi wa goggonki addu'a. Akwai ta ma kuwa?"

"Babu."

Ya gyaɗa kai. "Me kika ɗauke ni, Zenobia? Kin ɗauka da na fasa?"

"Elvira da ba ta bari ba."

"Ba Elvira na tambaye ki ba."

Kwana tara na yi a asibiti. Jinin ya dawo kamar yadda kowa ya sani zai dawo. Suka ba ni ƙwayoyin da ke riƙe bugun zuciya, suka ce in ba su isa ba za a dasa mini na'ura a ƙirji. Maganin kashe ƙwayar cutar, in ji likitar, ba zai gyara abin da ya riga ya lalace ba. Ta ce da shekara uku da suka wuce na zo da an fara tare abin da wuri. Ta ce zuciyar Jimena lafiya lau take, za ta sha nata maganin bayan ta haihu, shi ma jaririn za a gwada shi, in yana da shi yara suna warkewa sarai.

Elvira ba ta zo duba ni ba. Ta aiko da furanni ba tare da takarda ba. Na ji ta ce wa maƙwabta dama ita tun farko ta ga alama a kumatuna.

Da aka sallame ni na ce Wilfredo ya kai ni garejin Grover. Na same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar bas, ƙafafunsa kawai ke waje. Na tsaya a tsakiyar gareji, gaban abokan aikinsa, na ce ni ce na sa wa matarsa cutar, na san haka tun ranar da ta kawo takardar, na bari aka ɗora wa uwarsa. Ya fito, ya goge hannu da tsumma.

"Katifar da babana ya mutu a kai ta ƙone, Doña Zenobia."

"Na sani."

"To ita za ki je ki faɗa wa, ba ni ba."

Na je. Casilda ta shimfiɗa mini fatar tunkiya a tsakar gidanta, wanda ya fi nawa tsabta. Na yi mata magana da Kechuwa, harshena yana tuntuɓe kamar na mai koyo. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Tun a cikin tasi na gane. Na ce wannan 'yar Aiquile ce, ji yadda take kiran uwarta." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta zuba mini miyar gyaɗa ta ce in ci kafin ta huce. Na saya mata katifu uku, ta karɓi biyu.

Jimena ta haifi namiji a watan Agusta. An gwada shi, an sake gwadawa da ya ƙara watanni, ba shi da komai. Casilda ce ta fara yi masa wanka. Ni na tsaya riƙe da tawul.

Bayan an yi masa baftisma Jimena ta ce za ta je ta ga inda na fito, ko in bi ta ko ta tafi ita kaɗai. Grover ne ya tuƙa mu. Awa biyar bai ce mini uffan ba, amma duk inda hanya ta yi gargada sai ya rage gudu ya dube ni ta madubi.

Ɗakin da aka haife ni babu shi, sai tudun ƙasa da ƙaya ta fito a kai. A gefensa akwai gidan bulo mai ɗaki biyu. Wani tsoho yana zaune a ƙofa yana gyaran garma. Ya daɗe yana kallona, hannunsa a goshi saboda rana.

"Zenobia," ya ce. "Kin yi ƙiba."

Yayana Eulogio ke nan. Na fara jero haƙurin da na yi ta shiryawa a hanya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya dubi yadda nake haki daga ɗan tattakin da na yi daga mota.

"Ke ma ta kama ki?"

"Ta kama ni."

Ya buɗe maɓallin rigarsa, ya kama hannuna ya ɗora a ƙasan kafaɗarsa ta hagu. Wani abu ne mai tauri a ƙarƙashin fata, kamar akwatin ashana.

"Shekara huɗu ke nan. Yanzu ni da rediyo duk ɗaya, da batir muke aiki." Ya yi dariya, babu haƙora a gaba. Sannan ya ce, "Inna ba ta samu irinta ba. Tana ɓarzar masara a nan tsakar gida ta kife. Shekara shida da suka wuce."

Na tambaye shi abin da na fi tsoro. "Tana ambatona?"

Ya juya ƙusar da ke hannunsa. Eulogio bai iya ƙarya ba tun yana yaro.

"Da farko kullum. Duk motar da ta tsaya sai ta fita. Daga baya ta daina."

Jimena ta miƙa masa jaririn. Ya goge hannuwansa a wando ya karɓe shi, ya tambayi sunansa, ya ƙwala wa matarsa kira ta kama kaza, an yi baƙi. Sannan ya nuna mini hanyar maƙabarta da haɓa, ya ce akwai hawa, in bi a hankali, in na gaji in zauna a kan dutse. Sau uku na zauna kafin na kai.